Watan da Goggo Ta Sa Ni Juyi a Tsakar Gida

Shekarata uku da aure a Ruwan Godiya lokacin da zuciyata ta fara ba ni tsoro. Wajejen alif ɗari tara da hamsin da biyar ne, ko da shida, ban riƙe ba. Na dai san an gama cire gyaɗa, dawa tana rumbu. Ni 'yar Ƙanƙara ce, kuma kafin nan ban san kwanciyar ciwo ba.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, guga a hannunta. Kafin a kai ta gida rai ya yi halinsa. A gaban idona aka yi. Bayan kwana goma ina dakan gero da hantsi, sai na ji ƙirjina yana dukan da ya fi na turmin, idona ya yi duhu, tafin hannuna ya jiƙe. Na ce to, tawa ta zo. Na saki taɓarya na kwanta a ƙasa ina kalmar shahada.

Ban mutu ba. Amma daga ranar na bar daka, na bar ɗiban ruwa, har shara na bari, don duk abin da zai sa ƙirjina bugawa gudunsa nake. Ina kwance kan tabarma, hannu a ƙirji, ina sauraro. Abinci ya fita kaina, kaina kuma kullum ciwo. Maigida ya kawo rubutu, ya kawo turare, ya kawo saiwoyi. Har Ƙanƙara ya kai ni a kan jaki, malamin asibiti ya ɗora abin sauraro a ƙirjina ya ce lafiya lau. A hanyar dawowa na ce wa maigida mutumin nan bai ji da kyau ba ne.

Wata biyu ina haka sai Goggo ta zo daga Sabuwa. Yayar surukina ce, gajeriyar tsohuwa mai sana'ar daddawa, haƙoranta sun yi ja da goro. Ta ajiye ƙunshinta ta zauna a gefen tabarmata.

"Ɗiyata, mi ke ciwo?"

"Zuciya, Goggo. Tsayawa za ta yi."

"Wa ya gaya miki?"

"Ji nake a jikina."

"Sau nawa aka ce miki za ta tsaya?"

"Kullum. Wani yinin ma sau uku."

"To sau nawa ta tsaya?"

Na yi lissafi a raina. Can na ce, "Ba ta dai tsaya ba tukuna."

Ta ɓantari goro ta ce, "Ashe mai maganar nan da ke cikin kanki maƙaryaci ne. Wata biyu yana alkawari, ko sau ɗaya bai cika ba."

Na so in ji haushi, sai dariya ta kubce mini ta hanci. Rabona da dariya har na manta yadda take girgiza ciki.

Goggo ba ta raina ciwona ba. Ta ce bugun gaskiya ne, gumin ma gaskiya ne, fassarar da nake yi musu ce ba daidai ba. "Ki tuna mutuwa, zuciya ta ji ta zabura. Ki ji ta zabura ki ce ga shi nan, ita kuma ta ƙara gudu. Kowa na tsorata ɗan'uwansa." Ta ce ita ma ta taɓa yin irinsa bayan wata gobara da ta ci ɗakinta, wata Bafulatana mai kawo nono ce ta fitar da ita. Shekaru da yawa bayan haka, jikata da ta yi karatun aikin asibiti ta gaya mini har a littattafansu ana koyar da wannan hanya, ta gyara tunani da gyara aiki. Goggo dai ko baƙi ɗaya ba ta sani ba.

Ta ba ni ƙoƙo da wake cikin hannu ɗaya. Ta ce duk lokacin da muryar nan ta ce yanzu zan mutu, in jira abin ya wuce, in na ga ina da rai in jefa wake ɗaya. Ranar Juma'a ta kwashe waken da ya taru, ta dafa shi da manja da barkono, ta turo mini akushi.

"Ga mutuwarki ta mako guda. Ci tun da zafi."

Na ci. Wallahi ya yi daɗi. Har na suɗe hannu.

Kashegari ta tambaye ni abin da na fi tsoro a cikin ciwon. Na ce jiri.

"To tashi mu kira shi."

Na ɗauka wasa take. Sai ta ɗaure zani, ta tsaya tsakar gida, ta buɗe hannuwa ta shiga juyi kamar yadda muke yi muna yara a dandali. Tsohuwa mai jikoki, tana juyi tana ƙirgawa da ƙarfi. Kaji suka watse. A na takwas ta yi tangaɗi ta jingina da rumbu, ta sulale ƙasa tana ƙyalƙyala dariya, ɗankwalinta a can gefe.

"Kin gani? Duniya na yawo da ni, ga ni kuma da raina. Saura ke."

Na tashi na juya sau uku. Jirin ya zo, ƙirjina ya ɗauka, na kai hannu zan dafe. Ta riƙe hannun.

"Kar ki dafe, kar ki kwanta. Kalli kukar can. Fitar da numfashi a hankali, kamar kina hura kunu mai zafi."

Na hura. Na sake hurawa. Kukar ta yi ta karkata, ta yi ta karkata, sannan ta miƙe ta tsaya inda Allah ya dasa ta. Abin ya wuce, ni kuma ina tsaye a kan ƙafafuna. Wani irin daɗi ya taso mini daga ciki, na rasa abin yi da shi, sai na ce mata mu sake.

Washegari na yi biyar, jibi na yi goma. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta kan danga. Ɗaya ta shigo wai aron rariya, ba ta fita ba sai da ta juya. Kafin kwana huɗu mun zama mu bakwai. Surukata, wadda ko ido ba na iya haɗawa da ita don kunya, ta tsaya bakin ɗaki tana cewa girma ya faɗi. Goggo ta jawo hannunta. Sau biyu kacal ta juya ta faɗa kaina, muka zube tare, tana riƙe da wuyana tana dariya har da hawaye.

A daidai nan surukina ya shigo. Ya yi sallama ba wanda ya ji. Ya tarar da mata bakwai kwance a ƙasa, har da yayarsa da matarsa, kowacce riƙe da ciki. Ya juya ya fita. Daga baya maigida ya gaya mini tsohon ya same shi a gona ya ce, "Iskar nan da ta kama mutum ɗaya, yanzu gidan duka ta kwashe."

Bayan juyi sai daka. Goggo ta ce in yi bugu goma in tsaya in saurari ƙirjina, in gaya mata ko wannan gudun na mutuwa ne ko na aiki. Na ce na aiki ne. Ta ce to ƙara goma.

Ba kullum aka yi dariya ba. Wata Talata abin ya dawo mini da ƙarfi, na koma tabarma ina kuka, ina cewa wahalar banza muka yi. Goggo ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Zai riƙa leƙowa, ya san hanya. In ya zo ki ci gaba da abin da ke hannunki." Ta miƙo mini tsintsiya. Na share tsakar gida ina shessheƙa, kafin in kai ƙofa abin ya tafi.

Rijiya ce ta ƙarshe. Ranar farko ƙofar gida kawai muka tsaya muka hango ta. Rana ta biyu muka kai gindin tsamiya. Ta uku na taka wurin da dattijuwar nan ta faɗi. A nan na yi mata kukan da ban yi ba ranar rasuwarta, muka yi mata addu'a ni da Goggo. Sannan na zura guga. Da na jawo shi sai ya karkace, rabin ruwan ya ƙare a jikin Goggo. Ta dubi zaninta ta ce ai dama tana neman mai yi mata wanka. Matan bakin rijiya suka kwashe da dariya, ni kuma na ɗora tulu a ka na yi gida, ruwa na zuba mini a wuya, ina tafe kamar zan tashi sama.

Goggo ta koma Sabuwa ranar kasuwar Faskari, tare da wasu masu jakuna. Na ɗauki ƙunshinta zan raka ta bakin gari. Muna hira muka wuce gonaki, muka wuce rafi, muka shiga inda itatuwa suka fara kauri, ni ban ankara ba. Ita ce ta tsaya ta karɓe kayanta.

"Koma gida, ɗiyata, kar a ce na sato matar mutane."

Na durƙusa ta sa mini albarka. Na juyo ina waƙa ni kaɗai a hanya, ina tsinkar kanya ina sha. Sai da na hango hayaƙi na tashi daga gidanmu na tuna na bar tukunya a kan murhu. Na tarar tuwon ya ƙone ƙurmus, surukata tana kankare tukunyar tana murmushi. Ba wanda ya yi mini faɗa. A ranar nan fura muka dama, kowa ya sha ya ƙoshi.