Rijiyar da Ba Ta Cikin Taswira

Duk Ƙofar Wambai an san Sauda 'yar Malam Ɗanlarai matsoraciya ce, kuma ita ma ba ta musu. Tun tana ƙarama haka take. Kyankyaso ya gifta, ta haye gado. Da ta gama makarantar koyon aikin lafiya, yayanta Babayo har da riƙe ciki don dariya, wai wadda ke runtse ido in za a yi mata allura ita ce za ta tsira wa wasu? To, ta tsira. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana bin gida-gida da jakarta da hijabinta mai ruwan toka, tana ɗiga wa yara maganin rigakafi, tana rubuta lamba da alli a bangon zaure. Mijinta ya rasu tana da shekara talatin da biyu, ta kwaso 'ya'yanta biyu ta dawo gidan ubanta, aka ba ta ɗakin da ke kallon rijiya.

Rijiyar nan kuwa Malam Ɗanlarai ne ya sa aka haƙa ta, shekara arba'in ke nan. Ya ce sadaka ce, kada a hana kowa, kada a taɓa sa mata kwado. Bayan rasuwarsa matarsa, Inna Amatullah, ta riƙe wasiyyar nan kamar ranta. Ruwan ga sanyi ga daɗi, kuma matan unguwa sun yarda akwai albarkar Malam a ciki. In aka ce yaron wata ba lafiya, Inna da kanta take jawo guga ta miƙa.

Wata damina amai da gudawa ya faɗo unguwar. Ofishin da Sauda ke aiki ya raba musu wayoyi, aka ce duk gidan da aka sami mai ciwo, a tsaya daidai ƙofar zaure a danna, jan ɗigo zai faɗa kan taswira. Mai haɗa taswirar wata yarinya ce, Jemima, mai natsuwa, wadda ta karanci aikin a jami'a.

Ranar Litinin Jemima ta tara su gaban kwamfuta. Ga Ƙofar Wambai an ɗauko ta daga sama, rufin kwano reras, ga jajayen ɗigo ashirin da ɗaya a warwatse cikin lungu uku. Ta ce ta auna tafiyar da ke tsakanin kowace ƙofa da ruwa mafi kusa, ta bin lungu, duk lissafin ya kai ta ga rijiyar burtsatsen da ke bakin titi. Don haka an rufe famfon tun da safe.

Kowa ya gyaɗa kai. Ban da Sauda.

Ita ta san gidajen nan daga ciki. Gaskiya ne ƙofofinsu na kallon lungu uku daban-daban, namiji sai ya zaga ya zaga kafin ya je daga wannan zuwa wancan. Amma bayansu fa? Duk katangar gidan Malam suka jingina. Mata ba sa bin lungu. Akwai 'yar ƙofar baya, akwai inda katanga ta zube aka bar ta haka, akwai inda ake miƙa bokiti ta sama hannu da hannu har gida na huɗu. Waɗanda suka zaga suka rubuta wuraren ɗiban ruwa maza ne, iyakarsu zaure. Daga sama kuma bishiyar mangwaro ta rufe rijiyar ruf. Sannan ta tuna da ramin masan da Babayo ya haƙa da rani lokacin da ya gina sashensa. Da ta koma gida ta faki idon mutane ta auna da ƙafa. Taku takwas ne daga bakin masan zuwa bakin rijiya.

Ba zan rufa mata asiri ba, shiru ta yi. Kwana huɗu cur.

Ba wai ba ta yi komai ba. Ta riƙa tafasa wa 'ya'yanta ruwa, ta jefa ƙwayar tsabtace ruwa a randar tsakar gida a ɓoye kamar mai sata. Sau biyu ta durƙusa gaban uwarta ta ce, "Inna, ruwan nan..." Inna ta ɗago ta dube ta, sai Sauda ta ƙarasa da cewa ya yi sanyi yau. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Tsoron a ce rijiyar Malam ce ke kashe mutane, kuma a bakin 'yarsa aka fara ji. Tsoron faɗan Babayo. Tsoron idon maƙwabta. Ta riƙa rarrashin kanta cewa ai ba a gwada ruwan ba tukuna, ita wace ce da za ta ƙaryata kwamfuta?

Ga shi tun da aka rufe famfo bokitai suka ninka a bakin rijiya. Da safe in ta ji guga ya faɗa ruwa tsulum, sai ta koma ɗaki ta saki labule.

Ranar Laraba Juwairiyya, maƙwabciyarsu ta bayan katanga, ta leƙo ta ce 'yarta mai shekara uku ta kwana tana amai. Inna ta ce subhanallahi, ta jawo guga da hannunta, ta cika kwano, ta yi bisimilla ta miƙa ta saman katanga. Sauda na tsaye a ƙofar ɗakinta da tsintsiya a hannu. Ta sunkuya ta ci gaba da shara.

Ranar Alhamis da hantsi aka kai yarinyar makwancinta. Kuma Sauda ce aka tura ta tsaya ƙofar zauren ta danna waya.

Washegari ta riga kowa zuwa ofis. Ta ce wa Jemima ta buga mata taswirar a takarda, ta ari biro, ta fara jan layi daga bayan kowane gida.

Jemima ta ce, "Anti Sauda, wace hanya ce wannan? Ai babu lungu a nan."

"Hanyar mata ce."

Ta ja, ta ja, layukan duk a karkace. Goma sha takwas daga ciki suka haɗu ƙarƙashin bishiya guda.

"Akwai rijiya a nan," in ji Sauda. "Da masai, taku takwas."

"Gidan wa ne?"

"Gidanmu."

Jemima ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta tambaya a hankali, "Tun yaushe kika gane, Anti?"

"Tun Litinin."

Jemima ta ɗauki waya, ta ce a buɗe famfo yanzu, a zo a ɗebi ruwan rijiya a gwada. Sauda ta roƙi abu ɗaya, kada a tura maza da kwado sai ta fara zuwa.

Ta tarar da Inna kan tabarma tana tsince wake. Ta durƙusa, ta shimfiɗa takardar a gabanta. Inna ba ta yi boko ba, amma da Sauda ta nuna mata mangwaron, sauran da kanta ta gane. Ta riƙa bin layukan da yatsa tana kiran sunayen matan gidajen ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan ɗigon da ya fi kusa.

"Wannan fa?"

"Gidan Juwairiyya ne, Inna."

Tsohuwar ta janye yatsanta.

"Shekaranjiya na miƙa mata. Da hannuna." Ta ɗago ta dubi Sauda. "Kina tsaye."

"Ina tsaye."

"A lokacin kin sani?"

Nan ne Sauda ta so ƙasa ta tsage. Da ta ce zato kawai take yi, da Inna ta yarda, don ba ta taɓa kama ta da ƙarya ba.

"Na sani, Inna."

Ta sunkuyar da kai tana jiran ashar, ko mari, ko kuka. Ba ko ɗaya. Inna ta ture faifan wake, ta dafa bango ta miƙe. Ta je bakin rijiya ta kwance igiyar guga, ta naɗe ta a hannu, ta kai ɗakinta ta ja ƙofa. Da ta fito mayafinta na kanta.

Ta ce, "Tashi. Suna zaman makoki. Ni zan faɗa wa Juwairiyya ruwana ne ya kashe mata 'ya. Ke kuma ki faɗa mata naki."

Sauda ta miƙe. Ta bi bayan uwarta suka nufi ƙofar baya.