Harshen Inna da Ruwan Toka

Inna, mahaifiyata, da harshe take auna ruwan toka. Ta ƙone karan gero, ta tace tokar, sai ta ɗiga ruwan a bakinta. Nan take ta san ko ya isa a zuba man gyaɗa. Haka ta yi shekaru tana dafa sabulun salo a ƙauyenmu na Bazaga. Ni kuwa 'yar lakwal, wato 'yar boko, ina toshe hanci in wuce. Tir da ni!

Wata rana mai wani ƙaramin otel a Ƙonni ya zo har gida. Ya ce ruwan wankan baƙinsa yake sakar wa zogale da mangwaro, sabulun kanti kuwa na ƙone masa shuka. Sabulun Inna yake so, kowane wata. Wallahi ban taɓa ganin ta da murna irin ta ranar ba. Ta ce yau sana'arta za ta shiga birni.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ita kwana goma. Ta tashi, amma ɗanɗano ya tafi. Gishiri da sukari duk ɗaya.

Ranar dahuwa ta miƙo mini ludayi.

"Ɗiyata, ɗanɗana. Ya ciji harshe, ko lasa kawai ya yi?"

Na ɗanɗana. Ɗaci, zafi, kamar na tauna barkono da ƙasa.

"Inna, ya ciza."

"Wane irin cizo? Na kiyashi ko na kunama?"

Haba! Ina zan sani? Na tofar, na sake, har leɓena ya tashi. Ta yi ta kwatance, ina ta zare ido. Ƙarshe ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Zuba man, Allah ya sa a dace."

Ba a dace ba. Da ya daskare, ita ta fara wanke hannu da shi, fatar ta yi ja ta saɓule. Ta ce wannan ba zai taɓa jikin baƙon kowa ba. Sau uku muka sake, sau uku muka zubar a bayan gida. Na ji haushin kaina har na yi kuka.

Ni aka aika Ƙonni in ba da haƙuri. Mutumin ya saurara, ya yi wa Inna addu'a, sannan ya ce, "To, wa ta koya wa?"

Na tsaya ina kallon zogalensa. Na ce masa babu.