Birkin Da Mai Famfo Bai Ji Ba

Shekara talatin da ɗaya Mai Famfo ya yi yana gyaran famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyuka, kuma duk a kan babur ya yi su. Jakar sifanu a kan kariya, robobin silinda a aljihun riga, rodi biyu ɗaure a gefe suna kaɗawa. Hanyoyinsa ba ruwansu da kwalta, sai burji da yashi da gangara mai tsakuwa, irin wadda ko jaki sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya sauka. Shi kuwa haka yake gangarowa da kaya niƙi-niƙi. Zai taka birkin baya har tayar ta kulle, ta ja, ta tara tsakuwa a gabanta, babur ya tsaya cak a inda ya so. Yakan ce ƙafa ce ke tuƙi a daji, hannu rakiya kawai yake yi.

To ƙafar nan ce ta ci amanarsa. Ciwon suga ya kama shi, ya ɗauke shi abin wasa, yau ya sha magani gobe ya manta. Da farko tafin ƙafarsa ta dama ya riƙa yi masa kamar tururuwa na yawo a ciki. Daga baya tururuwar ma ta tafi, ƙafa ta yi shiru. Ba wanda ya gaya wa. Ya rage gudu, ya koma sauraren kukan taya da kunne don ya san ko birki ya kama. Wadda ya fi ɓoye wa ita ce 'yarsa ta fari, malamar makaranta, wadda yake kira Uwata. Tun da mahaifiyarta ta rasu ita ke tsaye a kansa, kuma ya san halinta sarai. Ran da ta sani, ran nan zai yi sallama da makullin babur, da shi da aikin gaba ɗaya.

Ana haka tsohon babur ɗinsa ya buga inji. Makanike ya buɗe, ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya ce wannan sai dai masu sayen ƙarfe. Malama ta ce za ta cika masa ya sayi sabo, amma da sharaɗi: sai mai birkin zamanin nan da ake kira ABS, wanda ba ya barin taya ta kulle. Kuma da ita za a je, don ta san idan aka bar shi da kuɗin, abin da ya ga dama zai jawo.

A hanya ya yi ta karanta mata dokokin ciniki, sai ka ce yau ta fara jin su. Kada ki kalli wanda muke so. Kada ki yaba komai, ko fenti. Idan an ba ki kujera kada ki zauna, wanda ya zauna ya riga ya saya. Mutumin da ko albasa zai saya sai mai ita ya yi gumi, ina ga babur!

Shagon dogo ne, babura jere a kan tayil, wasu ko ledar kujerarsu ba a cire ba, ga warin sabuwar taya ya cika wurin. Mai shagon matashi ne mai fara'a. Ya gaishe su, ya jawo kujeru biyu. Ba wanda ya zauna. Mai Famfo ya nufi wani ƙaramin babur na yawon gari, ya yi ta latsa shi yana taɓe baki, alhali ransa na can kan wani dogo mai tayoyi masu haƙora da ya hango tun daga ƙofa. Sai da ya ɓata kusan rabin awa sannan ya nuna shi da haɓa.

"Wancan mai kama da fara fa, nawa kuke ƙaƙaba wa mutane shi?"

Mai shago ya faɗi kuɗi. Mai Famfo ya yi salati, ya tambaya ko da gida ake haɗawa. Ya taya ƙasa ƙwarai. Mai shago ya yi dariya ya ce albarka, ai wannan mai ABS ne gaba da baya, shi ya sa ya ɗara irinsa marar ABS tsada.

"Baba, a kan kwalta mai ruwa, ko ka danna da ƙarfin tsiya ba zai zame da kai ba. Kamawa yake yana saki da kansa."

"Yana saki? Ɗana, ka taɓa sauka gangara mai tsakuwa da kaya a baya? A can so nake taya ta kulle ta tona ƙasa. Birkin da zai sake ni a nan ai ba birki ba ne, ɗan rakiya ne zuwa rami."

"Gaskiyarka, a tsakuwa yakan ƙara tafiya kafin ya tsaya. Amma ga maɓalli nan, kana barin kwalta sai ka kashe na baya."

"Ka ji fa, Uwata! In biya kuɗin abin da zan kashe."

Malama ta manta da dokoki ta sa baki. "Baba, kafin ka kai burjin fa? Kullum sai ka yi tafiya mai nisa a kan kwalta tsakanin manyan motoci. Ni ita nake ji, ba gangararka ba."

Ya harare ta, don ta ɓata masa ciniki. Amma a ransa ya riga ya yi nasa lissafin. Birkin da ke tunani da kansa, ai shi ne daidai da mai ƙafar da ba ta ji. Watakila ya ƙara masa shekara biyu ko uku a kan hanya ba tare da kowa ya gane ba. Yana son babur ɗin nan kamar ransa, shi ya sa ya ƙara kushe shi. Sau biyu yana kaiwa bakin ƙofa ana kiransa. Mai shago ya sauko, shi ya ɗan hau, saura ƙiris su haɗu, sai Mai Famfo ya ce ba zai ƙara ko sisi ba sai ya ɗana.

Bayan shagon akwai fili da aka zuba wa tsakuwa, inda ake sauke kaya. Ya sa hular kwano, ya hau. Wayyo, ku zo ku ga dattijo! Kafaɗunsa suka miƙe, ya zaga filin sau biyu, babur na bin sa kamar sun shekara tare. A zagaye na uku ya taho da ɗan gudu, ya taka birkin baya iya ƙarfinsa. Babur ya ɗan wuce inda ya nufa, ya tsaya. Ya sauko yana ɓoye murmushi.

Mai shago ya ce, "Yaya ka ji bugun nan, Baba? Kowa karon farko sai ya ɗauke ƙafa don tsoro."

Inda duk ya ɓata ke nan. Mai Famfo bai taɓa hawa mai irin wannan birki ba, bai san cewa idan ya kama yakan yi ta harbin tafin ƙafa ba. Shi dai kunnensa na ɗan ciniki ya ji ƙofar ragi ta buɗe, ya faɗa ciki da gudu.

"Wane bugu? Shiru kake ji, ko motsi bai yi ba. Ashe ma lalatacce za ku sayar mini da tsada!"

Fuskar mai shago ta canja, ya ɗauka da gaske kayansa ne ba lafiya. Ya karɓi babur, ya zaga, ya taka birki a daidai wurin. Ya sauko ya duƙa yana duba sawun taya, nasa da na dattijon. Iri ɗaya ne, a yanke a yanke, alamar birki ya yi ta kamawa yana saki.

"Baba, ai ya yi aiki. Ga sawunka nan. Wannan harbin ko ta cikin takalmin aiki ana jin sa, har gwiwa yake..."

Bai ƙarasa ba, don ya ga yadda Malama ke kallon ƙafar mahaifinta.

Ta ce, "Baba, zo ka zauna."

"Na ce miki ba a zama a..."

"Don Allah, Baba."

Suka koma ciki, ya zauna. Ta durƙusa a kan tayil a gaban baƙo, ta kwance igiyar takalminsa na dama, ta zare shi. Wata tsakuwa mai kaifi ta faɗo, ta yi ƙara a ƙasa. Safar ta jiƙe da jini a wajen dunduniya, wani ya bushe, wani sabo. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake taka ta. Ta matsa babban yatsansa da ƙarfi, har farcenta ya shiga, tana kallon fuskarsa. Shi kuma yana kallon baburan da ke jere.

"Tun yaushe?"

"Ya kusa shekara."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Hawaye kawai suka zubo mata, ta goge da gefen mayafi, ta roƙi mai shago ruwa da auduga. Baƙin ciki ya kama shi, ga kunya, dattijo da furfurarsa 'yarsa na wanke masa ƙafa a shagon mutane.

Mai shago ya rasa inda zai sa kansa. Can ya ce a hankali, "Baba, na sallama a yadda ka taya da farko. In ma ba yau ba, zan ajiye maka."

Wannan ta fi tsakuwar ciwo. Duk tsawon rayuwarsa da bakinsa yake karɓar ragi, ba a taɓa ba shi don tausayi ba. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Sayar da kayanka. Babur ne mai kyau, duk kushen da na yi ƙarya nake."

Suka fito, ita riƙe da takalmin, shi da silifas ɗin da mai shago ya ba shi. Suna tsaye a bakin titi suna jiran motar da za ta kai su asibiti, wayarsa ta yi ƙara. Wata tsohuwa ce daga wani ƙauye na bayan dutse, tana magana da ƙarfi yadda Malama ma ke ji. Famfonsu ya tsaya kwana huɗu, sun koma ɗiban ruwan rafi, yara har sun fara ciwon ciki. Yaushe zai zo?

Ya ce wa tsohuwar robar silinda ce, ya san famfon, shi ya kafa shi. Ya ce duk wanda zai buɗe ya sani bututu tara ne a ciki, na bakwai zaren mahaɗarsa ya cinye, a bi shi a hankali kada ya suɓuce ya faɗa rijiya.

Tsohuwa ta ce, "To ai kai za ka buɗe. Gobe ne ko jibi?"

Ya ce, "Iya, ku nemi wani."

Ta yi ta cewa ba ta ji ba, layin ba kyau, ya sake faɗa. Sai da ya faɗa sau uku.