Ƙofar da ke cizon ɓarawo

Shekarar da aka ja mana kuran, wato wutar lantarki, a gidanmu na Madawa, Kaka, uwar babanmu, ta ce ita ba ta tatsuniya ƙarƙashin ƙwan lantarki. Bakin murhu muke taruwa bayan isha'i, tana gasa mana gujiya, Inna, uwata, na gefe tana wanke kwanoni.

"Ga ta, ku miƙo kunne," in ji Kaka. Wai wani sarki aka sace wa hatsi. Ya sa aka kamo minjirya, kifin nan mai wuta a jiki, aka jefa cikin tulu. Kowa ya zo ya tura hannu. Duk suka wuce lafiya, sai mace guda ta ƙwala ihu. Aka aske ta, aka kore ta daga gari.

"Mu ma muna da minjiryarmu," Kaka ta ce, idonta kan Inna. "Gero na raguwa. Mi ya sa ƙohwar ɗakin hatsi ba ta cizon kowa sai mutum guda?"

Ƙofar kwano ce, waya ta bi ta samanta. Da safe Kaka ta jera mu gaban Baba. Ta dafa ƙofar, takalmin roba a ƙafarta. Muka dafa, ɗan tsam kawai. Aka kira Inna daga wanki, ba takalmi. Ƙofar ta riƙe ta, ta girgiza ta, ta yar da ita. Na yi dariya. Shekarata bakwai, amma na yi. Kafin sati Baba ya maida ta gidan iyayenta a Deule.

Ina aji uku a kwaleji mushe, malaminmu na kimiyya, ya rubuta U = R × I a allo. Ƙarfin da ke tura wutar ɗaya ne ga kowa, in ji shi. Busasshiyar fata da roba suna tare ta, jiƙaƙƙen jiki kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa hanya ce buɗe, wuta mai yawa ta ratsa, har ta tsaida zuciya.

Ban ko ajiye jaka ba na tsaya kan Kaka, na zazzage mata duka.

Ta gama tauna goronta. "Ke ɗiyar ga, ni za ki koya ma? Wa kike tsammani ya kwarara ruwa bakin ƙohwar?"

Na daɗe ina mata uzurin jahilci. Ashe a gidan nan kaf ita kaɗai ta gane kuran.