Hajo da Ta Hana Bariki Rabon Maraƙi

Da hantsin Laraba ina zaune da furata ina jiran nonon ƙauyen Dundaye, ina ta shirya zagin da zan yi wa Hajo don ta makara. Sai ɗiyarta Mairo ta shigo ba ƙwarya a kai. Ban tambaye ta ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hajo taubashiyata ce. Tun muna 'yan mata nake ce mata uwar rowa, tana ce mini makwaɗaiciyar birni. Ko bakin Hubbare munka haɗu sai mun taɓa.

Ta san saniya fiye da yadda na san jikokina. Takan ce, "Saniya murhu gare ta ciki. Da ɗari shi ka ɗumama ta, ta ci da yawa, nono shi yi kauri. Da bazara rana ta hura wuta waje, sai ta rage itace ciki." Itacen nan, cin ciyawa take nufi. Saniya ta tsaya inuwa tana haki, ta bar tuƙa, hantsa ta motse. Don haka in zafi ya kama, Hajo ba ta tatsa sai maraƙi ya ƙoshi. Ni na sha ragowa shekara da shekaru, na kuma yi ƙorafi.

Bayan zuwan Nasara anka aza wa kowane garke ƙwaryar nono biyu kullum a kai bariki, rani da damina. Bazara ta zo. Maƙwabta sunka ɗaure maruƙa nesa don ƙwarya ta cika, maruƙan sunka fara faɗuwa. Hajo ta aika rabin ƙwarya.

Ina wurin masinjan Bature ya iso da azahar, gumi har gwiwa.

"Inna, cewa anka yi biyu."

"Ɗana, ka ci tuwon rana yau?"

"Wa ka iya cin tuwo cikin wanga zahi?"

"To saniya ma haka. Ka gaya ma maigidanka, in ikonai ya kai ga rana shi rage ta, ni ko in cika mishi ƙwarya."

Washegari mutanen Bature sunka kama Fara, babbar saniyarta, sunka ɗaure ta a filin bariki, sunka tara mata dusa. Ta ƙi ci. Kafin kasuwa biyu nono ya ƙafe, sunka maido ta ana ƙirga haƙarƙari. Hajo ba ta yi musu dariya ba, ni na yi a madadinta. Ta riƙa fita da Fara kiwo tun da asuba, ta kwantar da ita ƙarƙashin gawo kafin rana ta take. 'Yar maraƙar Fara kuwa kullum da hannu take ba ta nonon wata saniya, har ta rayu.

Jiya da nonon wannan maraƙa, wadda yanzu ta zama saniya, anka dama furar sadakar uku. Bazara kuma ga ta tafe, masinja bai mance hanya ba. Na ce wa Mairo gaban jama'a: maraƙi tukuna. In sun zo, a turo su gidana, bakina bai ƙafe ba.

Allah Ya jiƙan Hajo, Ya yafe mata, Ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta nema wa dabba inuwa. Ya ba Mairo da ƙannenta haƙuri da taurin zuciyar uwarsu, Ya tsare garken da ta bari. Amin.