Tsingaron Kufai

Inna, mahaifiyata, maginiyar tukwane ce, kuma ba ta da abin alfahari kamar randunanta. Takan ce nata ba sa tsagewa a wuta, domin tsingaron tsohon kufan da ke bakin gulbi, bayan garin Fakku, take dakawa ta haɗa da yumɓu. Kakarta ma haka ta yi. Babu wanda ya taɓa tambayar abin da ya tara fasassun tukwane wuri guda a bayan rusasshiyar ganuwa.

Ina koyarwa a Tambuwal shekarar da ambaliya ta cinye gaɓar kufan. Masu binciken tarihi suka zo daga jami'a, suna gaggawar tono abin da ya rage kafin wata damina ta tafi da shi. Na zo gida hutu, ni da shisshigi, na ja Inna mu je kallo. A hanya tana ta yi musu dariya, wai ƙarti da karatunsu suna sharar ƙasa da buroshi kamar masu neman allura.

Muka tarar sun buɗe rami. Ga manyan tsingaro a jere, irin waɗanda take ɗiba, ƙarƙashinsu kuma ƙasusuwan mutum kwance ta gefen dama, fuska na kallon gabas. Shugabarsu, wata mata mai sanyin magana, ta ce maƙabartar tsohon garin ce, tukwanen kuwa rufin kaburbura ne.

Dariyar Inna ta ɗauke. "Ashe rufin bayin Allah nika dakawa," ta ce a hankali.

Na ce ai ba ta sani ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Tausayinta ya kama ni, na yi da-na-sanin kawo ta. Ta daina taɓa yumɓu, ta daina kai kaya kasuwar Kebbe.

Da masu binciken suka gama aune-aune da ɗaukar hotuna, dattawan gari suka nemi a sake binne ƙasusuwan a kan tudu, inda ruwa ba ya kaiwa, aka amince. Ana cikin neman itacen rufe kaburburan sai Inna ta sa aka loda randunanta a amalanken shanu, har da wadda muke shan ruwa a ciki.

Mata ba sa bin gawa, don haka a ƙofar gida ta tsaya ta ba ni saƙo. "Ka ce a fasa su, a rufe bayin Allah da su. Tsingaronsu na ciki, ni aro niy yi."