Motar Kawu da Hawan Doguwa

Shekarar da aka ba ni ajin yaƙi da jahilci a Bebeji, ita ce shekarar da kawuna ya sayi mota. Falken shanu ne, bai taɓa hawan abin kansa da ya wuce doki ba. Wani Bature mai haƙar kuza a Riruwai zai koma ƙasarsu, shi ya sayar masa da ita: baƙa wuluk, doguwa, kujerunta na fata. Ranar da ta shigo gari ban koyar da kowa ba, don ɗalibaina, magidanta da gemunsu, sun watse sun bi ta a guje. Ni ma na ajiye alli na rufa musu baya.

Direban da kawu ya ɗauka tsohon soja ne da ya tuƙa manyan motoci lokacin yaƙi, kowa Kofur yake ce masa. Makon farko lafiya lau. Daga nan motar ta soma wani kuka. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ka jin komai, amma da an zo hawa, ko Kofur ya danna totur, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga cikin inji, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ƙarfinta ya ragu, ta riƙa ɗaukar zafi, har in an kashe ta sai ta ɗan ci gaba da kakkarwa kafin ta mutu.

Kofur ya canza filogi, ya wanke kafireta, ya bi kowane noti da sifana ya ɗaure. Kukan na nan. Kawu ya ce ɗayan biyu ne: ko Bature ya cuce shi, ko Kofur ya lalata masa mota. Tun da Bature ya riga ya tafi, laifin ya zauna a kan Kofur, har aka fara zancen neman wani direba.

Wata la'asar bayan na tashi aji sai ga Kofur da wani ɗan littafi da ya tsinta a aljihun gaban motar. Ya ce, "Malam, ni inji na sani, ban san baƙi ba. Kai ka san baƙi, ba ka san inji ba. Mu haɗa."

Turancina bai taka kara ya karya ba, shekara biyu kawai na yi a makarantar Midil. Kwana uku muna zama gindin durumin ƙofar gidanmu, ina haɗa baƙi ina fassarawa da ƙyar, shi kuma yana cewa wuce, wannan na sani. Rana ta uku muka zo shafin da ke maganar mai. Littafin ya ce injin motar mai tsananin matsi ne, kada a zuba masa fetur sai mai babbar lamba, in ba haka ba za a ji ƙwanƙwasa a wurin hawa. Akwai wata kalma, okten, da na maimaita sau uku ban gane ta ba.

Kofur ya miƙe tsaye bai sani ba. Ya ce a soja man jirgin sama dabam ake ajiye shi, launinsa ma dabam, kuma an hana su haɗa shi da na mota, bai taɓa tambayar dalili ba. Ya tsuguna ya zana mini fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, a ƙasa da tsinke. Ya ce fistin yana matse mai da iska, sannan filogi ya ba da wuta, haka tsarin yake. To, in matsin ya yi yawa kuma man ba mai haƙuri ba ne, sai wani sashensa ya fashe da kansa ba a lokacinsa ba, ya daki kan fistin. Dukan nan muke ji. Lambar kuwa, in ji shi, awon haƙurin man ne. Mu kuma man garwa muke saye a Kwanar Dangora, wanda ake zuba wa manyan motocin gyaɗa, masu injin da ba ruwansa da zaɓe. Baturen kuwa a duro ake kawo masa nasa.

Na rufe littafin cike da murna. Muka tafi wurin kawu tare, na durƙusa na gaishe shi, na kora masa bayani. Ya saurara yana jan carbi, ya ce shi bai taɓa jin mota mai zaɓen abinci ba, amma a gwada. Washegari Kofur ya bi motar gyaɗa zuwa Kano, ya dawo da garwa uku na man da direbobin birni ke kira sufa.

Ranar Asabar da hantsi muka tsiyaye tsohon man tas, muka zuba sabo da mazurari. Kofur ya ce ba inda za a yi gwajin sai hanyar Doguwa, inda motar ta fi kunyata shi. Kawu ya shiga baya da babbar rigarsa, ni ina gaba rungume da littafin. Muka ratsa gonakin dawa da ta fara nuna, muka wuce Tudun Wada. Ni dai kunnena na kan inji.

Da duwatsu suka fara bayyana, hanya ta miƙe sama, Kofur ya yi bisimilla ya danna totur. Motar ta yi wani gurnani mai laushi ta ɗauki hawan, bayana ya manne da kujera. Na jira tsakuwar nan, shiru. Ko giya bai canza ba har muka kai ƙoli. Wasu Fulani masu kora shanu suka tsaya suna kallonmu, ni kuwa na leƙa ta taga ina ɗaga musu hannu kamar na san su. Na dubi Kofur, na ga idonsa ya cika da ƙwalla, yana dariya.

Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Kofur, juya mu sauka. Ban ji da kyau ba."

Muka sauka, muka sake hawa. Wannan karon kawu ya cire rawaninsa ya ɗora a cinya, ya matso ya dafa bayan kujerata. A karo na uku shi da kansa ya ce a ƙara mata wuta. Dattijon da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar salla, ga shi yana ƙyaƙyata dariya, yana tambayata me littafin ya ce game da iyakar gudunta.

Ba mu da wata hidima a Doguwa, amma muka shiga gari. Muka yi azahar, kawu ya sayi tsire da zuma, ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ce Kofur ya zauna kusa da shi su ci tare. Can ya ce masa, "Na yi maka zato mara kyau. Ka yafe ni." Kofur ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, Alhaji, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Sai da muka tashi komawa Kofur ya duba tanki, ya ga hawa ukun nan sun sha man fiye da yadda ya zata. A Tudun Wada dole muka ƙara man garwa. Ya buɗe gaban motar, ya ɗan juya kan da ke raba wa filogai wuta don ta riƙa zuwa a makare, ya ce ƙarfi zai ragu amma inji zai huta. Haka muka taho a hankali, muka ɗauki wata tsohuwa da ƙwaryar nononta har mararrabar Kiru. Tun da ta shiga take addu'a, da muka sauke ta kuma ta tsaya tana shafa ƙofar motar, ta ƙi tafiya sai da Kofur ya danna mata ham sau biyu.